Ibn Battuta da sunan Gobir: ganau ne ko jiyau?

 

Ran Asabar da ta wuce wani suna ya kai ni Mayahi. Da aka shafa fatiha aka raba goro, sai muka ja tabarmi zuwa inuwar wani dogon yaro muna jiran rana ta yi sanyi. A nan ne gardama ta sarƙe tsakanin dattawa biyu. Ɗaya Bagobiri ne, tsohon ma'aikacin duwan da ya ajiye aiki ya dawo gida. Ɗayan wani Alhaji ne ɗan Tasawa, mai fataucin wake zuwa Jibiya da Dawanau, wanda ya yi zaman zaure gaban malamai kafin ya kama kasuwa.

Tsohon ɗan duwan ya bugi ƙirji ya ce: «Mu Gobirawa tun shekara ta 1353 sunanmu ke cikin littafi. Ibn Battuta da ƙafarsa ya taka ƙasarmu, ya ga sarkinmu, ya rubuta mu.»

Alhaji ya yi murmushi ya ce: «Haba yaya, wane Ibn Battuta? Mutumin da ya ce ya ga Ibn Taimiyya bisa mumbari alhali bawan Allah yana kurkuku? Wanda ya yi ƙarya a Sham me zai hana shi yi a Gobir? Ai wake ɗaya ke ɓata gari.»

Sai duka suka juyo gare ni: «Kai ɗan jarida, kai ka yi lise, raba mana gardama.» Na ce su yi mini afuwa, shari'ar da ta kusa shekara 700 ba a yanke ta bisa tabarma da goro a baki, amma na ɗauki alkawarin ba su amsa a wannan shafi. Na koma na sake buɗe littafin. Abin da na tarar shi ne Baba ɗan duwan ya ƙara wa miya gishiri, Alhaji kuma yana neman a kifar da tukunyar gaba ɗaya.

Mutumin da littafinsa

An haifi Muhammad Ibn Battuta a birnin Tanja na ƙasar Maroko a 1304, cikin gidan alƙalai. A 1325, yana ɗan shekara 21, ya fita da niyyar aikin hajji, bai sake ganin ƙasarsu ba sai bayan shekara 24. Ya ratsa Masar da Sham da Hijaz, ya shiga Iraƙi da Farisa, ya bi gaɓar Afirka ta gabas, ya yi alƙalanci a Dilli ta Indiya da tsibiran Maldib, ya kuma ce ya kai ƙasar Sin. Tafiyarsa ta ƙarshe ita ce ta shafe mu. A farkon 1352 ya bi ayari daga Sijilmasa ya ƙetare hamada zuwa Walata, ya yi wata takwas a birnin Mansa Sulaiman na Mali, ya biyo ta Tumbuktu da Gawo, sa'an nan ya sauka Takadda, cikin ƙasar da ta zama Nijar a yau. Masu lissafi sun kimanta tafiye-tafiyensa duka da kilomita wajen 120.000.

Littafin da ake kira Rihla ba shi ya rubuta shi da hannunsa ba. Da ya koma Fas a farkon 1354, Sarki Abu Inan ya haɗa shi da wani matashin magatakarda ɗan Andalus mai suna Ibn Juzayy: shi yana ba da labari, wancan yana rubutawa yana gyara lafazi. Aka gama aikin a ƙarshen 1355. Ke nan abin da ya gani a Dimashƙa a 1326 sai da ya yi kusan shekara 30 cikin kansa kafin ya hau takarda. Shi da bakinsa ya faɗi cewa wasu rubuce-rubucensa sun salwanta ranar da ƴan fashin teku suka tuɓe shi a gaɓar Indiya. Kowane ɗan kasuwa ya san yadda lissafin bara ke rikicewa in kundin bashi ya ɓata, balle lissafin shekara 30.

Bayan da Faransa ta kama Aljeriya an kwashe wasu rubutattun kundayen Rihla zuwa Paris. Daga su ne Defrémery da Sanguinetti suka buga littafin da Larabci da Faransanci, juzu'i 4, tsakanin 1853 da 1858. Guntayen da aka karantar da mu a lakkwal daga wannan fassara aka tsamo su, ba tare da an gaya mana akwai gardama a kansu ba.

Inda aka kama shi

Alhaji bai yi ƙage ba. Ibn Battuta ya ce ya shiga Dimashƙa ranar 9 ga Ramadan na shekara ta 726 bayan hijira, wato Agusta 1326. Ya kuma ce ya halarci wa'azin Ibn Taimiyya wata Juma'a a babban masallacin birnin, har ya jingina masa wata magana mai nauyi a kan aƙida. To, malaman tarihin Sham irin su Ibn Kasir sun tabbatar cewa tun cikin Sha'aban na wannan shekara aka tsare Ibn Taimiyya, kuma a tsare ya rasu a 1328. Wanda aka kulle a Sha'aban ba ya hawa mumbari a Ramadan.

Akwai kuma zancen Bulgar. Ya ce daga sansanin Sarki Uzbak Khan, kusa da duwatsun Kafkas, ya yi tattaki zuwa wannan birni na bakin kogin Volga don ya ga gajeren daren da ake ba da labari, ya kwana uku, ya dawo, duk cikin watan azumi guda. Zuwa kaɗai ya fi kilomita 1.000, a zamanin doki da amalanke. A 1929 wani masani mai suna Stephen Janicsek ya auna kwanakin ya nuna ba su isa ba, kuma tun daga nan galibin masana suka daina lissafa Bulgar cikin wuraren da ya taka.

Bayan wannan sai aro. Siffar Dimashƙa da Makka da Madina da Bagadaza, shafuka masu yawa nata an ɗebo su ne daga littafin Ibn Jubair, wani Ba'andaluse da ya yi tafiyar hajjinsa tsakanin 1183 da 1185. Ta Falasɗinu kuma an gano sawun littafin al-Abdari a cikinta. Wasu masana suna ɗora wannan ga magatakarda, wanda aikinsa shi ne ya ƙawata littafi don sarki ya ji daɗin sauraro.

Mafi nauyi shi ne babin Sin. Ya ce ya kai Khan Baliƙ, wato Beijing ta yau, ya tarar an kashe sarkin a wajen yaƙi, har ya halarci jana'izarsa. Sinawa kuwa ba su wasa da rubuta tarihin sarakunansu. Sarkin wancan lokaci, Togon Temur, ya hau gado a 1333, kuma yana nan a Beijing har 1368. Ina roƙon masu karatu su riƙe wannan babi a zuciya, domin za mu dawo gare shi: a cikinsa ne wani labari na Gobir ya ɓuya.

Kada a zaci Turawa suka fara wannan tuhuma. Tun yana da rai mutanen Fas suka yi ta raɗa cewa maƙaryaci ne. Ibn Khaldun, wanda ke fadar a lokacin, ya kawo zancen cikin Muƙaddima. Ya ce abin da ya fi tsaya wa fadawa a wuya shi ne labarin kyautar Sarkin Dilli, wanda ake harba wa talakawa jakunkunan kuɗi da majaujawa ranar da ya dawo daga tafiya. Ibn Khaldun ya kai shakkunsa gun waziri Faris ibn Wadrar, sai wazirin ya gargaɗe shi da misalin wani yaro da ya girma a kurkuku tare da ubansa. Yaron bai taɓa ganin wata dabba ba sai ɓera, don haka duk lokacin da uban ya siffanta masa rago ko raƙumi, sai ya tambaya ko kamar ɓera yake. Darasin da Ibn Khaldun ya ciro shi ne mutum ya auna kowane labari da abin da ke iya yiwuwa, kada ya ƙaryata abu don kawai idonsa bai taɓa gani ba. Daga baya Ibn Hajar ya ruwaito cewa alƙali al-Balfiƙi ya tuhumi Ibn Battuta da ƙarya, Ibn Marzuƙ kuma ya wanke shi. Ashe gardamar inuwar dogon yaro ta Mayahi tsohuwa ce ƙwarai.

A soka buhu

Yanzu ina tambayar Alhaji. In aka kawo maka buhun wake 50 daga ƙauyukan Kanambakashe, ka soka ɗaya ka ga ƙwari, kana mayar da motar duka? Na san amsar. Kana ɗaukar ƙarfen nan naka ka soki kowane buhu sama da tsakiya da ƙasa, ka ware na kirki gefe, ka rage wa na tsakiya kuɗi, ka bar ruɓaɓɓe ga mai shi. Wanda ya karɓi duka ido rufe ya yi cinikin biri a sama, wanda ya mayar da duka kuma ya kwana da yunwa alhali ga abinci. Littafin Rihla mota ce mai buhuna da yawa. Bari mu soki wanda ya shafe mu, wato na Takadda.

Ga abin da ya faɗi. Gidajen garin da jan dutse aka gina su. Ruwansa ya sake launi da ɗanɗano saboda yana ratsa ma'adinin jan ƙarfe. Kunamu sun yi yawa. Mutanen ba su da sana'a sai fatauci, kowace shekara suna zuwa Masar. Alkama mudu 20 a kan miskali ɗaya na zinariya, dawa kuma mudu 90. Ana haƙo jan ƙarfe a bayan gari, bayi maza da mata su narka shi cikin gidaje, a mayar da shi sanduna masu tsawon taƙi ɗaya da rabi. Masu kauri 400 a kan miskali, sirara 600 ko 700. Su ne kuɗin garin: da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri ake sayen hatsi da man shanu da bayi. Sarkin ƙasar wani Buzu ne mai suna Izar, kuma tafiyar yini guda ya yi kafin ya iske shi a zangonsa.

Wannan lafazin wanda ya tsaya a kasuwa ya taya kaya ne. Ga kuma wasu dalilai da ke ƙarfafa shi. Tsakanin barinsa Takadda, ranar 11 ga Sha'aban 754, wato Satumba 1353, da kammala littafin, shekara biyu ne da ƴan watanni, tun labari bai huce ba. Ya ambaci sunayen Magaribawan da suka sauke shi a garin, har da shugabansu da alƙali, alhali Fas cike take da fataken da suka san hanyar, waɗanda za su iya tona shi. A Takadda ne ma manzon Sarki Abu Inan ya same shi da umurnin ya koma gida, kuma wa wannan sarki aka rubuta littafin. Da wuya mutum ya yi wa sarki ƙarya a kan garin da sarkin da kansa ya aika aka kira shi. Har abin da ba ya ƙara masa daraja ya faɗi: yadda ya sayi wata baiwa mai ilimi miskali 25, mai ita ya yi nadama ya roƙi a warware ciniki, da yadda ya koma arewa cikin ayarin da ke ɗauke da bayi mata wajen 600. Waɗannan mata daga kudu aka kwaso su, kuma ya kamata mu tuna da su duk lokacin da muke alfahari da littafin.

Duk da haka wannan buhu ma an tuhume shi. Bafaranshen nan Henri Lhote, wanda ya shekara da shekaru yana yawon Sahara, ya wallafa bincike a 1972 inda ya ce Takadda ita ce Tigidda-n-Tesemt, garin gishiri da ke arewa da Ingal, kuma labarin ma'adinin jan ƙarfe ruɗani ne, gishiri ne arzikin wurin. Magana ta tsaya nan sai da aka tambayi ƙasa. Tsakanin 1973 da 1975 Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer suka yi bincike a kufan Azelik, ba nisa da Tigidda. Suka tarar da kangon babban gari mai masallatai da maƙabartu, da kaskon narka ƙarfe, da kashin maƙera, da ƙwayoyin jan ƙarfe cikin duwatsun wurin. Suka kuma saurari tsofaffin Ingal da Tigidda, waɗanda suka ce kakanninsu daga Azelik suka watse bayan yaƙi da Agadas, sa'an nan suka koma ga gishiri. Rahotonsu na 1976 sunansa ma «daga jan ƙarfe zuwa gishiri», kuma cibiyar IRSH ta Yamai ta buga cikakken aikin a 1991. Lhote ya ga gishirin zamaninsa, Ibn Battuta ya ga jan ƙarfen nasa zamanin. A nan baƙon Tanja ganau ne, ƙasa ta yi masa shaida bayan shekara 620.

To, ina Gobir?

Baba ɗan duwan, a yi mini haƙuri. Babu inda Ibn Battuta ya ce ya taka Gobir. Daga Takadda arewa ya nufa, ta Azbin da Tuwat zuwa Sijilmasa. Sau biyu sunan ya fito a littafin, kuma duka biyun ji ne.

Na farko yana cikin babin Takadda. Ya ce ana ɗaukar jan ƙarfen zuwa wani wuri da ya rubuta da haruffa huɗu, kaf da wau da ba da ra, a ƙasar waɗanda ba musulmi ba, da kuma Zagai, da Barno mai nisan kwana 40. Larabci ba shi da harafin «g», shi ya sa Gawo ma Kaukau ya rubuta ta, don haka galibin masana suka karanta wannan suna Gobir. Yana cikin mafi tsufan ambaton wata ƙasar Hausa da sunanta a rubuce. Wannan ji ne mai ƙarfi, domin daga bakin masu kayan ya fito, kuma falke ba ya kuskuren sunan kasuwar da yake kai hajarsa. Akwai ma abin gwaji a jimlar: ya ce sunan Sarkin Barno Idris, jerin sarakunan Barno kuwa ya nuna Mai Idris ɗan Ibrahim ke bisa gado a wancan lokaci.

Sai dai Gobir ta 1353 ba a Tibiri take ba, ba kuma a Mayahi ba. Gobirawa da kansu suna cewa a Azbin kakanninsu suka zauna kafin Buzaye su matso su kudu, kuma Muhammadu Bello ya kawo irin wannan cikin Infaƙul Maisuri. Daga can aka yi Birnin Lalle, a ƙasar Dakoro ta yau, aka yi Alƙalawa wadda ta faɗi a 1808, sa'an nan aka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ke nan abin da littafin ya ba mu shi ne suna da ciniki. Bai ba mu iyaka ba, bai ba mu sunan sarki ba, bai kuma ce ga gidan da ya gaji wancan gida ba.

Na biyu shi ne wanda ba a so a tuna, kuma yana cikin babin nan na Sin. Bayan ya siffanta jana'izar Sarkin Beijing, inda ya ce an binne shi da kuyangi da bayi da ransu, sai ya ƙara da cewa a ƙasar baƙar fata ma an ba shi labarin irin wannan: in sarki ya mutu ana rufe shi cikin wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa tare da barorinsa da ƴaƴan manyan gari 30, bayan an karya musu hannuwa da ƙafafu. Ya ce wani babba daga ƙabilar Masufa da ya zauna a ƙasar ta kaf-wau-ba-ra ya gaya masa cewa har ɗansa aka so a haɗa, sai da ya fanshe shi da dukiya mai yawa.

In Baba ya karɓi ambato na farko don ya yi daɗi, da wane dalili zai ƙi na biyu? Da awo zai ƙi shi ko ya karɓe shi, ba da son rai ba. Malamanmu na hadisi sun koya mana a duba wa ya faɗa, daga wa ya ji. A nan mai ruwaya mutum ɗaya ne, ba a ambaci sunansa ba, baƙo ne a ƙasar, kuma labarin yana nuna shi a matsayin mai dukiya da wayo. An kawo shi ne don ya tokare labarin wata jana'iza da tarihi ya nuna ba a yi ta ba. A ɗaya hannun kuma, abin ba ya cikin waɗanda ba su yiwuwa: tun a 1068 al-Bakri ya rubuta cewa ana rufe Sarkin Gana da masu yi masa hidima. Ko dai al'ada ce da ta yaɗu a da, ko kuwa labari ne da ke yawo a zangon fatake ana liƙa wa duk sarkin da bai musulunta ba. A Durbi ta Kusheyi, kusa da Katsina, an tona tuddan kaburburan manya a 1907 da 1992, aka fito da kayan ado na jan ƙarfe da tagulla da zinariya. Wannan ya ƙarfafa zancen cinikin ƙarfe zuwa ƙasar Hausa, amma bai zama shaidar ƴaƴa 30 ba. Wannan buhu sai a jingine shi gefe da rangwamen kuɗi.

Me ya sa abin ya dame mu

Wani zai ce mene ne namu da gardamar matattu, ga tsadar tiya ga kuɗin makaranta? Ma'aikatan da ke karɓar takardun neman sarauta da na rikicin iyakar gona sun san amsa. Kowane ɓangare yana zuwa da nasa tarihin, kuma da zarar wani ya ce «an rubuta a littafi», sai kowa ya yi shiru kamar an kawo aya. Mun gaji girmama rubutu, abu ne mai kyau, amma takarda ba ta ƙin tawada.

Ga misali na kusa. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Léon l'Africain, ya gama littafinsa a Roma a 1526, aka buga shi a Venis a 1550. Ya ce Askiya na Songai ya ci Gobir da Katsina da Kano da Zazzau da Zamfara. Tarihin Kano bai ambaci wannan ci ba ko kaɗan, kuma a 1978 Humphrey Fisher ya nuna raunin labarin. Masana da dama ma suna shakkar ko al-Wazzan ya taɓa shiga ƙasar Hausa. Amma ni dai na tuna taswirar da muka kwafa a aji, wadda ta shafe ƙasar Hausa da launin daular Songai, muka haddace muka ci jarrabawa da ita. Maganar baƙo ɗaya ta zama iyaka a kan yara dubbai.

A kwatanta da Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Tasawa a Janairu 1851 tare da ayarin gishiri na Kel Owi, ya wuce ta Gazawa zuwa Katsina da Kano. Shi yana jin Hausa, yana rubuta abin da ya gani a ranar da ya gan shi, yana kuma bambanta abin da idonsa ya gani da abin da aka gaya masa. Shi ya sa har yau ake iya bin sawunsa zango zango. Ko shi ma baƙo ne mai kwanaki ƙidayayyu, abin da ya gani na Tasawa kasuwa ne da titi, cikin gida sai masu gida.

Masu gidan kuwa mu ne. Boubou Hama ya wallafa tarihin Gobir da Sakkwato a 1967, Djibo Hamani ya rubuta na sarautar Azbin a 1989, cibiyar CELHTO ta Yamai kuma an kafa ta ne don tattara tarihin baka. Ga jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ɗalibanta na ratsa Tasawa da Mayahi kowane hutu. Amma makaɗan fada da ke riƙe da jerin sarakuna suna tsufa, kundayen ajami na cikin adaka gara na ci, tsofaffin madugai da suka san zangunan Azbin da ƙafa sun kusa ƙarewa. Kowace waya a yau tana ɗaukar murya. Alhazanmu da ke gina masallatai da rijiyoyi, Allah ya saka musu, da ɗayansu zai ɗauki nauyin ɗalibi guda ya zagaya ƙauyuka 20 yana ɗaukar maganar tsofaffi, yana rubuta sunan mai magana da garinsa da wanda ya ji daga gare shi, da jikokinmu ba su rataya asalinsu ga haruffa huɗu na baƙo ba. Ita ma maganar tsofaffin sai an soka ta kamar kowane buhu, domin maroƙi ya san wanda ke ba shi riga. Mu tuna Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da Barth ya tafi da shi Ingila a 1855, wanda ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa aka rubuta. Shi ne ya nuna cewa mu ma muna iya zama masu ba da labari.

Saboda haka ga hukuncina, in dattawan biyu sun yarda da alƙalancin yaro. Baba ɗan duwan, sunan Gobir na cikin littafin, wannan naka ne, ka riƙe. Amma ka daina cewa mutumin ya zo, don shi kansa bai faɗa ba. Alhaji, ka kama shi a Sham, babu musu. Amma a Azelik kashin maƙera ya tsaya masa, kuma kai ka fi kowa sanin ba a mayar da mota saboda buhu ɗaya. Goron alƙalanci kuwa ina nan tafe karɓa ranar kasuwa.

Allah ya ba mu ikon rarrabe gani da ji. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.